Littafin aikina: masu cikin fari da kwamitin mazaɓarmu

Litinin, 15 ga Janairu, 2024

Yau muka buɗe aikin a zauren Dagaci. Na ƙudurta zan riƙa rubutu a wannan littafin daban da rahoton da nake aikawa ofis duk wata uku, domin rahoto an riga an shata masa layuka, abin da ya faɗo wajen layi ba shi da mazauni.

Aikin ƙarami ne: mazaɓa ɗaya a Jigawa, ƙauyuka bakwai, ƙaramin asibiti guda. Waɗanda muka sa a gaba su ne matan da ba su kai shekara 20 ba, masu cikin fari ko goyon fari, da mazajensu. Mazan ma akasari samari ne da ke ƙarƙashin gandun mahaifinsu, ba su da rumbun kansu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma kashi 29 cikin ɗari na 'yan mata masu shekara 15 zuwa 19 sun haihu ko suna da ciki. A nan ba sai an karanto maka ba. Tsaya bakin rijiya da hantsi ka gani da idonka.

Da na gama bayani cewa mun zo ne don ƙarfafa al'umma ta iya kula da lafiyar waɗannan yara da kanta, Dagaci ya yi shiru, sannan ya ce, "Malama, wannan ƙarfin da za a gina mana, da me za a gane ya ginu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, za mu horar da mutum talatin, a yi taro duk wata." Ya gyaɗa kai saboda ladabi. A hanyar komawa na gane cewa abin da na lissafa masa duk aikinmu ne mu baƙi. Ban faɗi ko ɗaya da zai nuna abin da garin ya iya ba. Tambayar tana nan ban amsa ba.

Asabar, 3 ga Fabrairu

Tsarin Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ya tanadi kowace mazaɓa ta samu kwamitin ci gabanta, mai sa ido kan asibiti, mai isar da kukan jama'a. Namu yana nan a takarda. Cikin sunayen akwai wanda ya rasu, akwai biyu da suka tafi cirani kudu, mace kuwa ɗaya ce tak, ita ma ba ta san an rubuta ta ba.

Mun sake zaɓe, kowane ƙauye ya kawo namiji da mace. Da na sanar cewa babu kuɗin zama, wasu suka miƙe suka kaɗe riga. Ban ga laifinsu ba. Shekaru da yawa na zagayen rigakafin shan-inna sun koya wa mutane cewa taron lafiya da alawus yake zuwa, ga tsadar rayuwa tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Mutum ya bar sana'arsa rabin yini, dole ya tambayi abin da zai kai gida. Amma na san idan muka fara da ambulan, ranar da ambulan ta ƙare ranar kwamiti zai watse. Mutum tara suka zauna. Da su za mu fara.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Masu sa-kai sun yi mako biyu suna bi gida-gida da rajista. Sun samo masu ciki da dama, amma kusan duka masu ciki na uku ne zuwa sama. Waɗanda muka zo dominsu ba su cikin littafin.

Wata tsohuwar ungozoma ce ta warware mini. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa na gaishe ta, na gaya mata damuwata. Ta ce, "'Yar nan, ke ba Bahaushiya ba ce? Yarinya mai cikin fari za ta buɗe baki gaban uwar mijinta ta ce wa baƙuwa tana da ciki? Ni za ku tambaya. Ni da mai kitso." Nan take ta lissafo mini amare shida, har da watannin kowacce.

Sai ta ƙara da abin da ya fi wannan nauyi. Ta ce ko mun rubuta su, ba za mu same su ranar haihuwa ba, domin da ciki ya kai wata bakwai za a zo a ɗauke su goyon ciki, su haihu a gaban iyayensu, su yi wankan jego can, sai bayan arba'in su dawo, wata ma ta fi haka. Na san wannan al'ada tun ina yarinya, yayata ma haka aka yi mata, amma ban taɓa ɗora ta kan rajista na duba ba. Ma'anarta ita ce: yarinyar da muka sha wahala muka shawo kan mijinta ta fara awo, za ta ɓace mana daidai lokacin da haɗari ya fi yawa, wato watannin ƙarshe, naƙuda, da makonnin farko na jariri. Can garin iyayenta kuma ba wanda ya rubuta ta, don baƙuwa ce a idon asibitinsu. Allurar BCG ta rigakafin tarin fuka da ɗigon farko na shan-inna da ake yi da haihuwa, da rigakafin mako shida, duk a wannan tsakanin suke faɗawa. Sannan yarinyar da ke kunyar ɗan fari, wadda ko sunansa ba ta kira, ba ita za ta ce a kai shi asibiti ba. Kaka ce mai wannan maganar.

Mun tsara aiki kan mace da mijinta. Ashe gidaje biyu ne da tsofaffi biyu.

Litinin, 18 ga Maris

Azumi ya shiga mako na biyu, aikin rana ya ja baya. Liman ya taimaka: a wurin tafsiri ya yi magana kan sauƙin da shari'a ta yi wa mai ciki da mai shayarwa idan suna tsoron cutuwa. Bayan tarawi muka fara zama da angwaye a majalisarsu ta bakin masallaci, abokin aikina namiji ne yake zuwa. Mun ɗauko dabarar daga makarantar mazaje da aka fara a yankin Damagaram ta Nijar, inda magidanta ke tattauna lafiyar matansu a tsakaninsu. Abin da ya fito fili a zama biyu: yawancinsu ba su ƙi awo ba, kuɗin babur ne sai sun roƙa wurin Baba, kuma suna jin nauyin ambaton cikin matarsu a gabansa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Na koma wa tambayar Dagaci. Wata uku ke nan tana cina.

Fom ɗin ofis yana ƙirga mutum nawa aka horar, taro nawa aka yi, takarda nawa aka raba. Zan ci gaba da cika shi, haƙƙin masu ba mu tallafi ne. Amma ana iya cika shi fal alhali garin bai matsa ko taku ɗaya ba. Don haka muka zauna da kwamiti muka fito da ma'auni namu. Muka lissafa ayyuka shida da dole a riƙa yi idan ana son waɗannan yara su tsira: gano mai cikin fari da wuri, raka ta awo, bin sawunta idan ta tafi goyon ciki, samar da mota cikin dare, auna yara don gano tamowa, da zama da shugaban asibiti a kan matsaloli. Kowane aiki muka ba shi matakala huɗu. Ta farko, baƙi ne suke yi. Ta biyu, ana yi tare. Ta uku, mutanen gari suke yi amma sai an tuna musu. Ta huɗu, suna yi ba tare da sanin baƙi ba, sai daga baya labari ya iso mu.

Muka zana matakalun a ƙasa da tsinke, aka ba kowa wake shida, ya ajiye ɗaya a inda yake ganin kowane aiki ya tsaya. Maza daban, mata daban, don na lura idan aka haɗa, hannun mata yana bin inda na maza ya sauka. Amare kuwa sai da muka kai musu cikin gida wurin mai kitso, babu suruka a kusa.

Kusan duk waken ya taru a ta farko da ta biyu. Wannan ban yi mamaki ba. Abin da ya tsaya mini shi ne batun mota: maza sun ajiye a ta uku, suka ce ai idan abu ya taso ana samun abin hawa. Mata gaba ɗaya suka ajiye a ta farko, wata ma ta ajiye nata a wajen zanen, ta ce ko baƙin ba su yi, ba wanda yake yi. Ban yi ƙoƙarin daidaita su ba. Na rubuta duka biyun, kuma na roƙi shugaban kwamiti ya zo ya ga inda matan suka ajiye kafin a share ƙasa. Ya daɗe a tsaye.

Wani abokin aiki ya ce wannan ba awo ba ne, ra'ayi ne. Gaskiya ne wake ba ya maye gurbin rajistar asibiti, kuma za mu riƙa duba ta: awo nawa, haihuwa nawa, rigakafi nawa. Sai dai rajista tana gaya maka an yi abu, ba ta gaya maka hannun wa ya yi ba.

Litinin, 20 ga Mayu

Da ƙyar nake wannan rubutun. Ɗaya daga cikin amare shidan da Inna ungozoma ta lissafo mini, wadda ta yi awo sau biyu a wurinmu, ta tafi goyon ciki wani ƙauye a mazaɓar maƙwabta. Ta kwana uku tana kukan ciwon kai, fuska da hannu sun kumbura, tana gani dishi-dishi. Aka ce laulayi ne. Daren Laraba jijjiga ta kama ta. Aka fara da hayaƙi da rubutu, aka jira mahaifinta ya dawo, aka aika neman izinin miji, sannan aka shiga neman mota. Gari ya kusa wayewa kafin su isa inda ake da allurar da ke tsayar da jijjiga. Ita ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba.

A littattafan aikinmu ana maganar jinkiri uku: jinkirin yanke shawara, jinkirin isa asibiti, jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun farko duka sun same ta a dare ɗaya. Kuma jijjiga ta fi kama masu cikin fari da ƙananan shekaru, wannan sananne ne. Na san da haɗarin goyon ciki tun Fabrairu, na rubuta shi a nan, amma ban yi komai a kai ba sai magana. Da an auna hawan jininta a makon nan da an gani.

Bayan kwana uku kwamiti ya kira zama, kuma ba ni na ce a kira ba. Liman ya buɗe da cewa rai da ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi, kuma ba a zo don tuhumar kowa ba. Aka bi daren sa'a-sa'a. Abu uku aka yanke. Za a buɗe asusu, kowane magidanci ya riƙa zuba abin da ya sawwaƙa ranar kasuwa, kuɗin yana hannun mutum biyu. Za a je tasha a yi magana da ƙungiyar direbobi, kamar yadda ake yi a wasu jihohin Arewa inda direbobin NURTW ke ɗaukar mai naƙuda a kuɗin mai kaɗai. Na ukun wata mata ce ta kawo shi, kuma ya fi duk abin da na zo da shi daga ofis: duk ango ya ba da izininsa tun ranar da za a tafi da matarsa goyon ciki, a gaban iyayenta da shaida, cewa idan abu ya taso a kai ta asibiti ba sai an neme shi ba. Katin awonta ya bi ta, kuma mai sa-kai ta kira wata a can garin ta damƙa mata amanarta.

Litinin, 24 ga Yuni

Ruwa ya sauka, an yi shuka, rumbuna sun yi ƙasa. Yanzu ne tamowa ke shigowa. Mun raba ma'aunin dantse, ɗan siririn tef ɗin nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro daga wata shida zuwa shekara biyar. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, a tafi asibiti ranar. Daga nan zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sama da haka kore. Sai kuma danna bayan ƙafa da babban yatsa, idan ya lotsa bai taso ba a ƙafafu biyu, shi ma asibiti. A Mirya ta jihar Damagaram ƙungiyar ALIMA ta gwada ba iyaye mata wannan tef, aka ga sun iya awon sarai.

Mu mun ƙara da kakanni, saboda darasin Fabrairu. Tsofaffin sun karɓe shi fiye da zatona, har wata ta ɗaura nata a bakin zani. A zaman ne kuma muka taɓo dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, da gasa cibiya, da ba jariri ruwa kafin wata shida. Ban ce musu al'adarsu banza ce ba, don ba za su sake zuwa ba, kuma ba haka nake gani ba. Kwana arba'in ɗin nan da ake hutar da mai jego ana ciyar da ita gata ne babba. Abin da muka nema kaɗan ne: a bar dakashi, a shafa maganin cibiya na asibiti, a rage kanwa a kunu.

An kuma yi gwajin garin kunun gero da waken suya da gyaɗa. Matsalar ita ce gyaɗa ta yi tsada.

Litinin, 12 ga Agusta

Zagaye na biyu na maganin rigakafin zazzaɓin damina ya wuce. Ana ba yara daga wata 3 zuwa 59, kwana uku a jere kowane wata. Na ranar farko a gaban mai rabo ake sha, na sauran kwana biyun a hannun uwa ake bari, kuma nan ne ake yawan sakaci. Kakannin nan masu tef su suka ɗauki tunatarwa.

Farkon watan ban samu zuwa ba saboda zanga-zangar tsadar rayuwa da dokar hana fita, sannan ruwa ya cinye hanyar ƙauyuka biyu. Da na iso na tarar an aika yara masu jan awo asibiti an dawo da su, abincin tamowa ya yanke. Wannan yana kashe gwiwa ƙwarai: ka koya wa uwa ta auna, ta auna, ta yi tafiyar ƙasa, a ce mata babu. Amma na tarar da wani abu kuma. Kwamiti sun zauna da shugaban asibitin, sun rubuta takarda da hannunsu zuwa ƙaramar hukuma, sun kuma tambayi yadda ake kashe kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa. Shugaban kwamiti ya ce mini, "Malama, da can hannu kawai nake sawa, ban san ina da ikon tambaya ba." Kayan ba su iso ba tukuna.

Litinin, 2 ga Satumba

Na gaya wa kwamiti za mu janye mako shida. Ba zuwa, ba kira, sai idan rai ne a kan layi, lambata tana hannunsu. Ofis ba su so ba, suna tsoron alkaluman wata ukun su faɗi. Na ce aikin nan zai ƙare wata rana ko muna so ko ba ma so, gara mu ga abin da zai faru tun muna da damar gyara.

Litinin, 14 ga Oktoba

Na dawo. Na kwana biyu ina zagaye ina tambaya kafin na zauna rubutu.

Asusu yana raye, an fita da mata biyu cikin dare, ɗaya har Jahun, asibitin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin haihuwa da yoyon fitsari tun 2008. Dukkansu lafiya da jariransu. Sai dai fetur ya sake tashi farkon Satumba, abin da ke cikin asusun ba zai kai tafiya biyu nan gaba ba. Izinin miji tun ranar tafiya ya zauna da gindinsa, har an fara yi a wani ƙauye da ba ya cikin namu. Majalisar angwaye ta ci gaba, don dama can suna zama, magana ce kawai ta ƙaru. Tef yana hannun kakanni.

Rajistar masu ciki ta tsaya a mako na biyu. Fom ya ƙare, ba wanda ya san inda ake samo wani. Kiran waya zuwa garin iyaye ya mutu gaba ɗaya, saboda katin waya daga aljihuna yake fita ban lura ba. Taron wata bai yiwu ba, kaka ta kama, kowa yana gona.

Na lura duk abin da ya rayu an ɗora shi ne kan wani abu da garin ke da shi tun kafin zuwanmu: ranar kasuwa, majalisa, rakiyar goyon ciki, ikon kaka. Abin da ya dogara da takardarmu da katinmu shi ya faɗi.

Akwai kuma maganar da ta fi damuna. Biyu daga cikin masu sa-kai sun ajiye aiki. Ɗayarsu ta ce, "Anti, kullum ana cewa al'umma ta iya, al'ummar nan fa mu ne, mu huɗu. Ni ke barin tuyar ƙosaina." Ba ni da amsa. Na yi tsayin daka kan rashin kuɗin zama, har yanzu ina ganin daidai ne ga kwamiti mai zama sau ɗaya a wata. Amma matar da ke bin gidaje kwana uku a mako aiki take yi. Idan ma'auninmu ya nuna matakala ta huɗu alhali mata huɗu ne ke ɗauke da kayan a kansu kyauta, to ma'aunin bai faɗi gaskiya duka ba.

Litinin, 11 ga Nuwamba

An sake jefa wake, wannan karon sakataren kwamiti ya yi zanen, ni ina gefe. Mota ta hau ta uku a wurin maza da mata duka. Awon tamowa ta huɗu. Bin sawun masu goyon ciki ya rabu biyu: izini a ta huɗu, kira a ta farko, sai da aka tsaga aikin gida biyu. Amare sun ajiye rakiyar awo a ta biyu, ƙasa da inda kwamiti ya ajiye. Suka ce ana raka su na farko, daga nan shi ke nan, alhali yanzu sau takwas ake so mace ta ga ma'aikacin lafiya kafin ta haihu.

Mun ƙara wani layi a zanen, bisa shawarar mai ƙosai: mutum nawa ke ɗauke da kowane aiki, kuma idan ɗaya ta kwanta ciwo wa zai karɓa. A ayyuka uku amsar ita ce babu kowa.

Dagaci ya zo da kansa ya duba ƙasa kafin a share. Ya tambayi ma'anar layin ƙarshe, aka gaya masa, ya ce a kawo masa sunayen matan huɗu. Ranar Alhamis ni da shugaban kwamiti za mu ƙaramar hukuma mu nemi a duba ko za a sa su cikin shirin CHIPS na ma'aikatan lafiya na cikin al'umma da aka ƙaddamar a 2018. Rajista kuma za ta koma littafin makaranta mai layi, wanda ake samu a kowane shago. Batun kira, ungozomomin ƙauyuka uku sun ce a bar musu, suna haɗuwa a kasuwa duk mako. Inna ta riga ta ba ni sunayen amare biyar da za a ɗauka goyon ciki kafin ƙarshen shekara, biyu daga ciki garin iyayensu yana hayin kogi.